Ba Dala Ce Ta Sa Kwanon Gidanmu Ba

Wai ina gumin shekara goma sha bakwai yake shiga? Mutum ya yi aiki tun duku-duku har faɗuwar rana, ba ya sha ba ya caca, ya dawo gida da akwati ɗaya da tari a ƙirji, to gumin nasa wa ya ci shi? Shekara huɗu ke nan da binne maigidana, har yau ban samu mai ba ni amsa ba.

Salamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni tsohuwa ce daga wani ƙauye a yankin Badagishiri, ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ban san baƙi ba. Maƙwabciyata, malamar lakwal da aka kawo garinmu aiki, ita ke rubuta abin da nake faɗa, kuma ita ce mutum ta farko da ta ji zancen nan daga bakina. Na roƙi mai kula da zauren ya ɓoye sunana. Don girman Allah ku saurare ni har ƙarshe ku ba ni shawara, kwana kaɗan ya rage mini.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, manomin albasa ne. Muna da garka, wato lambu, a fadama mai rijiya a tsakiya, shi ya gina rijiyar da hannunsa shekarar da aka kawo ni gidan. Sai wani abokinsa ya dawo daga Amurka da agogo da ƙaton takalmi, ya zauna majalisa yana ba su labari, wai can ba a tambayar ɗan wa kake, in dai kana da ƙarfin aiki sai ka yi arziki. Malam, maigidan nawa, ya ce in dai aiki ne ai ba a fi shi ba. Ya sayar da shanunsa ya tafi, ya bar ni da yara huɗu da garka. Takardar da ya shiga da ita ta mutu tun shekarar farko, in ya fito ba komawa, sai ya zauna.

Shekarun farko yana ɗan aiko abin da ya samu, daga baya sai hoto da gaisuwa. Akwai hoto ɗaya da har yau yake rataye a zaurenmu, ya jingina da wata farar mota yana murmushi, hannu ɗaya a baya. Duk garin an zo an kalla. Sai bayan ya dawo ya gaya mini motar wani ce, ya gama wanke ta ke nan, tsumman ne ya ɓoye a bayansa.

Ranar da ya dawo gida ya cika maƙil, har da waɗanda ba su taɓa gaishe ni ba tsawon shekarun nan. Washegari da safe ya kira ni ɗaki ya buɗe akwatin. Wata ƙatuwar rigar sanyi, da kwalaben magani, da huluna da turamen atamfa na tsaraba, su ma a kasuwar Ƙonni ya saye su a hanya. Shi ke nan. Ya nuna mini hannuwansa, sabulu da ruwan sanyi sun cinye su, yatsun ba sa miƙewa. Ya ce gado ma karɓa-karɓa suke yi su uku, in wannan ya tashi wancan ya kwanta. Ya ce da bayansa ya riƙe ya kasa sunkuyawa, mai wurin wankin ko sannu bai ce masa ba, kashegari wani ne a wurinsa. Dattijo da furfura ya zauna bakin gado yana kuka kamar yaro.

To ga kuskuren da na yi, ku ji shi da kyau. A shekarar ina da albasa cike da rudu biyu, wato rumbun da muke ajiye ta har ta yi tsada. Na sayar da ita a ɓoye ta hannun ƙanena, na haɗa kuɗin da na awakina, na damƙa wa Malam. Na ce ka fita da kanka ka sayo siminti a Malbaza, ka sa kwano, ka yanka rago, kada wanda ya ga kwanciyarka. Haka aka yi. Gari ya ɗauka dala ta iso, aka sa wa gidanmu suna Gidan Dala. 'Yan'uwansa da suka bar ni ina jan guga ni kaɗai suka riƙa taƙama da shi a kasuwa. Ni kuwa ina jin su ina tace fura, ina dariya a ciki. Shekara uku ya yi yana jinya, ya rasu da mutuncinsa. Na ɗauka na yi abin kirki.

Yanzu ga autana, magidanci ne da mata da 'ya'ya uku, albasarsa babu kamarta a fadamar nan, ya tashi wai shi ma Amurka za shi. Kullum kansa cikin waya yana kallon wasu yara masu baƙin tabarau suna surutu a gaban dogayen gidaje, wai can aiki ne kawai. Ni dai na ce a duba hannun da suka ɓoye a baya. Ya haɗu da wani mai ƙaton ciki a Ƙonni, yana da buro, wato ofis, kusa da tasha, wai zai sa shi a jirgi zuwa wata ƙasa, daga nan ya taka a ƙasa cikin daji har ya shiga. Mutumin nan ko Sakkwato ban tabbata ya wuce ba. In aljannar duniya ce can, me ya zaunar da shi nan yana korar ƙuda da fanka?

Kuɗin tafiyar kuwa garka za a sayar. Wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya riga ya taya. 'Yan'uwan autan nawa mata duk sun yarda, ya yi musu alkawarin Makka, su ma da ganin hankalinsu. Maigari ya ce ba zai sa hannu ba sai duk magada sun amince, saura ni da tumunina, rabon matar mamaci a gado. Ranar kasuwa mai zuwa ake jira in je in dangwala yatsa a takarda.

Mun yi ta kai ruwa rana da yaron. Na ce ubanka da ciwo ya dawo, ya ce ciwo na Allah ne, ko a fadama maciji na sara. Na ce ana koro mutane yanzu, ya ce ragwaye ake korowa. Ya ce Baba da bai san ko harafi ɗaya ba ya je ya dawo ya yi ginin siminti, balle shi da ya yi lakwal. Da na matsa sai ya ɗaga kai ya nuna mini sama ya ce, “Inna, dubi kwanon nan da kike kwana ƙarƙashinsa. Albasa ce ta sa shi?” Wallahi amsar ta zo har bakina, na haɗiye ta. Shi kuwa ya ɗauka ya ci ni.

Ƙaryar da na gina da hannuna ce za ta ɗauke mini ɗa da rijiya gaba ɗaya. In na gaya masa gaskiya, matarsa za ta ji, uwarta za ta ji, kafin la'asar gari ya ɗauka, a zauna majalisa ana dariyar mutumin da ke kabari ba ya iya kare kansa. Mai yiwuwa ma yaron ya ce na tsufa na fara yi wa mamaci ƙage don in hana shi ci gaba. In kuma na ƙi dangwala yatsa ban faɗi dalili ba, na zama muguwar uwa mai baƙin ciki, kuma na san halinsa, zai nemi wata hanya ya tafi yana fushi da ni. In na dangwala, matarsa da jikokina za su zauna jiran hoto kamar yadda na zauna, su ko rijiyar da za su ja ba su da ita.

Ku da kuka yi karatu, da ku da ke can ƙasar in akwai mai tsoron Allah a cikinku da zai faɗi gaskiya, ku gaya mini yadda zan yi. In tona ne, ko in yi shiru? Akwai hanyar da zan riƙe amanar mamaci ban yar da mai rai ba? Don abu biyu ya bar mini, a lokacin ban ga wuyarsu ba, yau ɗaya ba ya tsayuwa sai na kayar da ɗayan. Ranar da zai cika, da hantsi, ina shafa masa man zafi a yatsun nan nasa, ya kira ni da sunan da yake tsokanata da shi tun ina amarya, ya ce:

“Ta-Garka, ki rufa mini asiri wurin yara. Kuma ko bayan raina, kada ki bari a sayar da rijiyar nan.”