Ƙwan da Na Kasa Takawa

Zuwa ga Lanyero, sanyin idona, inuwar kaɗanyar da nake hangowa tun daga rairayin Somaliya, ruwan tulun da ban ƙara shan irinsa ba.

An ce mini dattawanku za su zauna bayan girbin riɗi su raba aurenmu. Shi ya sa na wanke fenti daga hannuna na ɗauki biro.

Kin tuna ranar da na dawo garinmu Gulu daga yaƙi? Kin ɗaura zanenki ruwan ɗorawa, kin yi miyar yakuwa da gyaɗa, dangi sun cika gida maƙil. Kawu Ocaya ya ajiye ƙwai a bakin hanya yadda aka gada, in taka in shigo, dauɗar yaƙi ta tsaya a waje. Ƙwai fa, Lanyero! Abin da yaro zai fasa da ɗan yatsa. Amma ni na fito daga ƙasar da duk abin da aka ajiye a kan hanya ƙafar mutum yake jira, kuma a gabana irin wannan nakiya ta ɗauke abokina Oryem. Na daskare, na yi ihu kowa ya kwanta, na haura shinge kamar ɓarawon akuya. Wasu suka yi dariya. Mahaifiyarki kuwa cewa ta yi, "Wannan ya shigo mana da matattunsa."

An ajiye wani ƙwan, an sake ajiye wani, ƙafar ta ƙi. Da zazzaɓi ya kama ɗanmu, ba wanda ya tuna da sauro, ni aka ɗora wa laifi. Kika goya shi kika koma gidanku. Ban ga laifinki ba, farin watana. Wace ce za ta zauna da mutumin da faɗuwar murfin tukunya ke jefa shi ƙarƙashin gado?

Yanzu a bayan kasuwa nake yini, a rumfar da tsofaffin sojoji ke zane. Ni hanyoyi kawai hannuna ya sani: jar ƙasa, ciyawa, ba kowa a kai. Sajan Lakony, mai hannu ɗaya da baki goma, ya ce gara in nemi aiki wurin masu gyaran titi. Sai makon jiya na sa mace da goyo a kan hanyar. Ke ce, kurciyata, har da yadda kike karkata kafaɗa. Allah ya sani na so in zana ki kina tahowa. Na goge, na sake, na kuma gogewa, amma bayanki ne ke fitowa. Kewarki na cin raina, ga shi fuskarki ta fara ɓace mini, wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Ba zan yi miki alkawarin warkewa ba, likitoci ma ba su yi mini ba. Idan dattawa suka tambaye ki, kada ki yi ƙarya domina. Abu ɗaya nake roƙo: ranar da za a tashi daga zaman, in kin kama hanya, ki waiwayo sau ɗaya, in samu in ƙarasa zanen.

Naki, ko an raba ko ba a raba ba, har ƙasa ta rufe idona,
Kidega