Bayan Motar Malam

Asabar, 4 ga Mayu, 2024

Sirajuddeen ya dawo daga wajen masu kayan mota da kwali a kafaɗa. Na rubuta sunan. Ɗan fari ne, bakina bai taɓa faɗarsa ba, amma biro ba ruwansa da kunya. Malamar ajinmu na manya ta ce mu riƙa rubuta abin da ya faru a gida don hannu ya saki.

A kwalin akwai shakazoba sababbi, masu tare wa mota girgizar hanya, da sifirin masu kauri, jajaye. Ba irin waɗanda motar ta zo da su ba ne. Ya ce Golf ɗin babansa bayanta ya zauna, kaya kaɗan sai taya ta riƙa gugar jiki. Bitrus mai taki ya yi masa alkawarin jigila zuwa Tungan Magajiya duk daminar nan, in motar ta tashi kafin Litinin, sha uku ga wata.

A ƙofar gida zai ɗaura, da kansa.

Lahadi, 5 ga Mayu

Na kira shi ɗaki. Na ce ya yi duk abin da zai yi, amma in ya shiga ƙarƙashin mota ban yafe ba. Ya san dalili. Motar nan ce jak ya zame ta danne ƙugun Malam, babansa, shi ya sa yau yake tafiya da sanda. Ni na yi jinyar.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna." Malam yana jin mu daga zaure, sai ya ƙara wa rediyo murya.

Maganar ta yi nauyi. Na sani.

Talata, 7 ga Mayu

Ya fara. Ya tokare tayoyin gaba da duwatsu, ya ɗaga bayan, ya tura kututturen ƙirya kusa da jak, ya cire taya. Daga gefe yake aiki, zaune a kan kujerata ta tsakar gida. Notin sama ta cikin but ya kwance su. Bai karya maganata ba ko da kafaɗa.

Na ɗauko shinkafa na zauna a zaure wai ina tsinta. Duk notin da ya kwance sai ya jera shi a faifai bi da bi. Tsohuwar shakazoba ta fito jage-jage da mai, ya danna ta da hannu ta shige ba ta dawo ba. Da zai matse sabon sifirin da ƙarfen da ya aro, ya kori yaran unguwa can nesa, ya kau da fuskarsa gefe. Hasbunallahu kawai nake ja.

Masu wucewa suna tsayawa kallo. Wani dattijo ya ce a garejin wa ya koya. Malam ya ce, "A waya, da kuma bakina." Shinkafar dai da tsakuwarta muka ci.

Laraba, 8 ga Mayu

Ban gane komai a aji ba yau.

Alhamis, 9 ga Mayu

An gama ɓangare biyun, an sauke ta. Bayanta ya tashi sama kamar zakara. Na zaga ta na sake zagawa lokacin da ba kowa.

Amma bai tayar da ita ba. Ya zo ya durƙusa ya ce saura notin ƙasa, da gangan ya bar su sako-sako. Wai ba a ɗaure su mota tana sama. Sai tana kan tayoyinta da kaya a ciki, in ba haka ba robar wurin ta murɗe ta yage tun ba a je ko'ina ba. Kuma in taya tana jiki hannu ba ya kaiwa daga gefe. Sai ya gindaya motar a kan lambatun ƙofar gida, ya shiga ramin. "Ba jak, Inna. Ƙafafunta duk a ƙasa."

Na ce na riga na yi magana.

Da yamma na gaya wa Hannah, maƙwabciyata, tare muke zuwa aji. Na ce zan sa a kira bakanike ya shiga ya ɗaure. Ta ce, "Shi bakaniken daga itace ya faɗo? Ba mace ta haife shi ba?"

Juma'a, 10 ga Mayu

Motar tana nan. Sai goge ta yake. Ya bar rabin tuwonsa. Bitrus ya aiko tambaya.

Asabar, 11 ga Mayu

Da safe na fita na duba lambatun da kaina. Siminti ne gefe da gefe, na taka, na buga da taɓarya. Bai motsa ba. Na ce wa yaron maganar rannan na janye ta, ya shiga, Allah ya tsare. Bai ɗago ba, amma na ga wuyansa ya saki.

Aka turo motar ta haye ramin. Sai ga wata: babu buhu ko ɗaya a gidan da za a danne bayan. Hannah tana tsaye da bokiti ta ce, "Ga buhuna biyu nan, ni da uwarka." Ta kama hannuna. Na ce ni? Ni zan hau kansa? Ta ce ai ya hau bayana shekaru, yau ranata ce.

Muka zauna a baya. Malam ya jingine sandarsa ya shiga gaba, ya ja burkin hannu, ya taka na ƙafa da ƙafarsa mai lafiyar. Rabonsa da kujerar nan tun ranar da motar ta danne shi. Ya riƙe sitiyari bai kalli kowa ba.

Na ji motar ta ɗan sauka da nauyinmu. Yaron yana ƙasa, daidai inda nake zaune. Duk juyin sifana ina jin sa a ƙashina. Hannah tana ta zancen irin gyaɗa, ban ji ko ɗaya ba. Ko yawu na kasa haɗiya kada in ƙara nauyi.

Can muryarsa ta taso daga ƙasa. "Maman Promise, ɗan matsa tsakiya, ɓangarenki ya fi na Inna sauka." Hannah ta ce, "Ɗan banza, fito ka same ni." Malam ya yi dariya har da tari.

Yaron ya fito bayansa duk taɓo. Ya danna bayan motar, ta taso sau ɗaya ta tsaya cak. Malam ya ce, "Ta ɗauru." Ni na shige ciki, na ce hayaƙin murhu ne ya shiga idona.

Litinin, 13 ga Mayu

Ya biyo ta ƙofar gida da takin Bitrus cike. Motar a miƙe, taya ba ta taɓa komai. Matan layi sun leƙo. Ya kira daga Tungan Magajiya ya ce ramukan hanya ko a jikinsa. Hannah ta ce in daina murmushi ni kaɗai, za a ce wani abu.

Alhamis, 23 ga Mayu

Kawu mai kai madara ya kawo tasa motar, shi ma yana son irin na Golf. Ina cikin kaɗa miya wani ya yi sallama yana neman yaron. Na ce yana ƙarƙashin mota, ya jira ya fito. Sai da na sauke tukunya na tuna ban leƙa na ga ko ya sa duwatsun ba.

Kuɓewa ce, ba a barin ta a wuta.