Fararen Duwatsu a Bayan Lambun Hawtrey

Ballyrowan, Ailan
9 ga Mayu, 1998

Zuwa ga ɗana Fintan,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kai da Carol da jikokina, kuma aiki na tafiya daidai a can Ostireliya. Ni ma lafiya lau, in ban da gwiwar nan da ba ta jin magani.

Bayan haka, na kashe maka waya ranar Lahadi kana tsakiyar magana, kuma ban yi nadama ba. Wanda ya kai maka tsegumin cewa uwarka ta yi abin kunya a gidan Hawtrey, rabin labari ya ba ka. Ga sauran, tunda takarda ba ta katse mutum.

Ka san bana suka buɗe gidan ga masu ziyara. Matan cocinmu suka ɗauki bas, na bi su. Shekara arba'in mahaifinka yana tatsar shanun mutanen nan, amma ban taɓa taka ƙofar gaba ba sai ranar, da tikitina a hannu. Wata yarinya mai ladabi ta zagaya da mu. Muka ga teburin da ke cin mutum talatin, da hotunan kakanninsu jere a bango, duk hancinsu iri ɗaya. Ƙawata Bridie Noonan sai shafa labule take kamar za ta taya.

Lambun kam yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. A can ƙarshensa yarinyar ta nuna mana makabartar karnukan gidan. Kabari goma sha ɗaya, kowanne da dutsensa mai sheƙi, da sunan kare, da ranar da ya mutu. Mata suna ta cewa abin tausayi. Ni kuwa na zame, na bi ta wata ƙaramar ƙofa da ke bayan katanga, domin ba kallon furanni ya kai ni ba.

Fintan, ba kai ne ɗan farina ba. Shekara uku kafin a haife ka na haifi ɗa namiji, ya zo ba rai. A wancan zamani jaririn da bai samu baftisma ba, ba a yarda a sa shi a makabartar coci. Ina kwance cikin zazzaɓi mahaifinka ya sa shi a akwatin man shanu ya fita da shi. Da na farfaɗo ba wanda ya ce mini uffan, ni ma ban tambaya ba, don haka aka koya mana. Sai a bara, kwana biyu kafin ya rasu, ya kama hannuna ya gaya mini wurin: bayan katangar lambun Hawtrey, gindin tsohuwar bishiyar ƙaya, inda mutanen ƙauyen nan suka daɗe suna ɓoye irin waɗannan jarirai. Ya ce ya ajiye farin dutse a kai.

Na tarar da bishiyar. Fararen duwatsu kuwa sun fi hamsin, ƙanana, cikin ciyawa, ban san wanne ne nawa ba. An kuma kewaye filin da turaku da jan zare. Wani ma'aikaci da na tambaya ya ce wurin ajiye motoci za a yi.

Sai na tumɓuke turakun ɗaya bayan ɗaya, na rungumo su na ratsa lambun gaban kowa, na zube su a kan teburin sayar da tikiti, na bar sunana da adireshina. Abin kunyar ke nan. In aka sake kafawa zan sake cirewa.

Ka gaida Carol, ka shafa mini kan yara.

Ni ce mahaifiyarka,
Nuala Tierney

27 ga Yuni, 1998

Ɗana Fintan,

Bayan gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, wasiƙarka ta iso. Na ga inda hawaye ya ɓata tawada, na kuma ga inda ka ce in bar wa Allah, in tattaro in dawo wurinku kafin a maka ni a kotu. Na gode da ɗakin da kuka gyara mini. Ku sa keken yara a ciki, ba inda za ni.

Mamallakin gidan, Giles Hawtrey, ya zo har gida. Na san shi tun yana yawo da gajeren wando. Ya cire hula, ya sha shayina, ya yi mini bayani tiryan-tiryan: rufin gidan na yoyo, in baƙi ba su zo ba gidan zai faɗi, baƙi kuma ba sa zuwa in ba wurin mota. Ya ce babu wata takarda ko taswira da ta nuna akwai kabari a wurin. Ya yi alkawarin kafa benci cikin furanni, da ɗan allo na tunawa, in dai zan bar maganar.

Na ce, "Yallaɓai, karnukanku ma ba a daɓe kansu da kwalta an ba su benci ba."

Fuskarsa ta yi ja, ya ce, "Madam Tierney, ni ba maƙiyinki ba ne." Na ce na sani, shi ya sa na ba shi shayi a kofin baƙi.

Limamin cocinmu ma, Fada Mulcahy, ya ba ni haƙuri, wai kada a tono abin da ya wuce. Na ce masa ai tonon nake hanawa. Ranar Lahadi bayan an tashi coci na tsaya a bakin ƙofa na faɗi abin da na gani da ƙarfi. Maza sai kallon takalmansu suke. Har na ɗauka ni kaɗai zan yi wannan yaƙi, sai tsohuwa Peig Hanrahan, mai shekara tamanin da takwas, ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Uku gare ni a wurin."

Tun daga nan kowace Asabar muke zuwa ziyara. Mu sayi tikiti kamar kowa, mu wuce da kujerunmu na naɗewa da fulas ɗin shayi, mu zauna gindin bishiyar har a tashi. Makon farko mu biyu ne. Yanzu mun kai ashirin da uku, har da Bridie, wadda muke tare tun ƙuruciya ban taɓa sanin ta binne 'ya mace a can ba. Baƙi kan leƙo su tambayi ko biki muke, mu kuwa mu gaya musu gaskiya, mu miƙa musu biredi.

Makon jiya lauyansu ya aiko da takarda cewa an hana mu shiga. Na hura murhu da ita. Da suka ƙi sayar mana da tikiti sai muka zagaya ta gonar su Bridie Noonan, inda katanga ta zube. Ka so ka ga tsofaffi suna haura bango da siket ɗin coci. Peig a kan kujerarta jikokinta suka ɗaga ta suka tsallakar, tana zaginsu wai sun yi sanyin jiki. Ranar Litinin aka ce katafila za ta zo. Za ta same mu a zaune.

Kada ka sake bugo waya don ka hana ni. In za ka bugo, ka tambayi gwiwata.

Mahaifiyarka,
Nuala

14 ga Satumba, 1998

Ɗana abin alfaharina,

Ina gaishe ku da kyau, da fatan mura ta saki ƙaramar jikata. Ka yafe mini jinkiri, kwanciya na yi ta mako biyu saboda ruwan da ya dake mu a filin.

Katafila ta zo. Direban ya dube mu, mu ashirin da wani abu cikin rigunan ruwa, ya kashe inji ya sauko ya cire hula. Ya ce wa Giles ya nemi wani, shi ba zai iya ba. Na biyun da aka kawo ko saukowa bai yi ba, ya juya. Sau uku ana haka. A ƙarshen Agusta Giles ya zo gindin bishiyar shi kaɗai, ba lauya, duk ya rame. Ya ce zai mayar da wurin motar can gefen titi, ya huda mana ƙofa a katangar waje mu riƙa shiga ba tikiti, amma makulli zai zauna a ofishinsa. Na ce uwa ba ta neman izinin ganin ɗanta. Sai ya ce to, ba kwaɗo. Ban ce ya zama waliyyi ba, amma na ba shi hannu.

Jiya aka buɗe ƙofar. Fada Mulcahy ya zo da ruwan albarka zai tsarkake ƙasar. Na roƙe shi ya dakata, na ce shekara arba'in da biyu muna jiran coci, ita ma ta jira mu minti goma. Ya sunkuyar da kai ya koma gefe.

Muka tsaya, kowace ta kira sunan jaririnta. Peig ba ta samu zuwa ba, ta rasu kwana tara da suka wuce, amma ta bar wa jikarta sunaye uku a takarda, aka karanta. Da aka zo kaina sai na ga ban shirya komai ba. Bakina ne kawai ya buɗe na ce Colm. Ashe tun ina ɗauke da cikinsa sunan ke ajiye a raina, ban taɓa furta shi ba, ko ga mahaifinku.

Ka gaya wa yaranka suna da baffa. Kuma daga yau, duk wanda ya tambaye ka ku nawa ne a wurin uwarku, ka ce ku biyu.

Allah ya yi muku albarka.

Ni ce mahaifiyarku,
Nuala Tierney