Sabuwar Kwamfutar da Ta Raba Ni da Aikina

Zuwa ga Alhaji, Shugaban kamfaninmu na fassara da ke Nasarawa GRA, Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan iyali lafiya, ni ne Malam Iliya, makahon nan mai fassara a ɗakin ƙasa. Na rubuto a fili ne don sau uku ina zuwa ƙofarka ana ce mini kana mitin.

Na ɗaya. Da yatsu nake karatu, a kan wata na'ura mai fito da rubutun makafi, wadda ake jonawa da kwamfuta. Shekara da shekaru ban taɓa makarar da aiki ba.

Na biyu. Bayan ƙaramar Sallah aka sauya mana kwamfutoci, ba wanda ya tambaye ni. Na jona na'urata, shiru. Mai gyara ya bayyana mini cewa ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato furosesa, kowace da irin umarnin da take ganewa. Kamfanoni biyu masu ƙera furosesa da ke gasa sun daidaita nasu umarnin, shi ya sa ko wacce aka kawo a baya aikina bai tsaya ba. Wannan sabuwar ta wani gidan ce daban. Tana lallaɓa wasu tsofaffin manhajoji su yi aiki, amma ban da wadda ke haɗa ta da na'urata, kuma masu ƙera na'urar sun daɗe da rufewa.

Na uku, nan ne abin ya ci mini rai. Na nemi tsohuwar kwamfutata, ashe ka rabar da tsofaffin duka kyauta ga direbobi da masu gadi, kamar yadda ka saba. Allah Ya ba da lada. Tawa Malam Sabo mai gadi ya samu, ya aika wa 'yarsa can Jigawa. Da wane bakin zan ce ya karɓo?

Sai ga takarda jiya, wai mako biyar ban taɓuka komai ba, in kare kaina ko a sallame ni ƙarshen wata. Haba Alhaji! Kullum sai na taso daga Tudun Wada, in zauna, hannuwana a kan cinya. Wallahi ina jin tsoro, don ban san wani ofis a garin nan da zai ɗauki makaho ba.

Roƙona: a janye takardar, a samo mini kwamfuta mai irin tsohuwar furosesa, ko da ta hannu ce.

Allah Ya ƙara maka lafiya da buɗi, Ya sa ka duba. In ka ga kuskure ka yi haƙuri, matata na yi wa shifta, kuma ban iya duba abin da ta rubuta ba.

Wassalam.
Malam Iliya