Jarkar da Baba Ya Ɗaga

Lakwaya, Gwarzo
Yuli, 2001

Zuwa ga Yaya Badi'a,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Yaya Mudassir da 'yata Asiya da duk mutanen Kabo. Mu ma nan lafiya lau, sai kewarki.

Yaya, akwai maganar da ban faɗa wa kowa ba, ko Inna. Ina jin idon Baba ya samu matsala.

Kin san yadda yake haɗa man injin yankan itacensa: gwangwanin tumatir biyu na jan mai a galan ɗin fetur, ya girgiza har ya koma kamar zoɓon da aka tsinka. Yakan ce injin nan ba shi da wurin baƙin mai kamar mota, abin da zai santsa cikinsa sai ya bi ta fetur. Da tsadar nan ta zo wasu sun koma zuba ƙonannen man mota, shi ya ƙi. Jan mai na gwangwani kawai yake saya, a teburin Jibirin da ke tashar Gwarzo.

Jarkokinsa biyu ne farare, ɗaya ta haɗaɗɗen mai, ɗaya ta zallan fetur. Ranar Talata ina shara ya ɗauki ta zallan, ya ɗaga ta saitin rana kamar yadda ya saba, ya ce madalla, ya haɗu. Yaya, fari ne tas kamar ruwan randa. Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Da ya shiga ɗauko hula sai na musanya su. Tun ranar nake yin haka kowace safiya.

Don Allah kada ki gaya wa kowa. Ki gaida Asiya.

Ƙanwarki,
Naja'atu


Lakwaya
Agusta, 2001

Yaya Badi'a,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin Asiya? An ce haƙori take fitarwa, Allah Ya sawwaƙe.

Ranar da ni da Inna muka kwana Sabon Birni wajen suna, babu mai musanya jarkoki, Baba ya tafi sare wata darbejiya. An ce injin ya yi ƙara, ya ɗau zafi, ya tsaya cak. Bakanike ya buɗe ya ce fistin ya kama, babu ko ɗigon mai a ciki. Injin da aka sayar da san nomanmu aka saya.

Baba ya ce da hannunsa ya haɗa, don haka Jibirin ne ya sayar masa da kananzir mai launi. Ya je tasha ya faɗa a gaban jama'a, yanzu ko 'yan acaɓa ba sa tsayawa teburinsa. Magana har gaban alƙali. Kin san tun da Shari'a ta zo ba a wasa da zancen algus. Jibirin ya ce in Baba zai dafa Alƙur'ani cewa haɗaɗɗen mai ya zuba, shi ya yarda da duk hukuncin da aka yanke. An sa ranar Alhamis.

Jiya na je ɗibar itace bayan rumbu, sai ga jarkar haɗaɗɗen man nan mai ja, a cike, ko buɗe ta ba a yi ba. Ashe ta zallan ya ɗauka ranar.

Abin da ya fi ba ni tsoro, Baba ba ƙarya yake yi ba. Ya yarda da abin da yake faɗa, kuma zai dafa. Kin san ni, ko gaisuwa nake masa ba na iya ɗaga kai. Ta yaya zan ce wa mahaifina ba ya gani? Inna sai tsine wa Jibirin take yi tana tankaɗe, wai da ma idonsa idon macuta ne.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Naja'atu


Lakwaya
Daren Juma'a bai yi ba, Alhamis da la'asar

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki. Allah Ya sa wannan ta same ku lafiya.

Baba bai rantse ba.

Da hantsi ya sa babbar rigarsa yana jiran mai babur a zaure. Na samo fetur zalla kaɗan na zuba a jarkar zallan da ta ƙare, na ɗauko ta tare da ta bayan rumbu, na durƙusa na ajiye su a gabansa. Na ce Inna na son wuri, wacce ce haɗaɗɗiyar in adana.

Ya ɗaga wannan, ya ɗaga waccan. Ya fita bakin ƙofa inda rana take, ya sake ɗagawa. Ya daɗe, Yaya. Sannan ya buɗe kowacce ya tsoma yatsa ya murza. Da ya ji santsi a mai nauyin, wadda ba a taɓa ba, sai ya zauna a kan dakali. Ban taɓa ganin Baba ya yi ƙanƙanta haka ba.

Ya ce, "Tun yaushe kika sani?"

Na ce tun watan Yuli. Ya ce ashe ni ce nake juya masa jarkoki, shi yana zaton tsufa ne ke sa shi mantuwa.

Ya tafi Gwarzo ya janye ƙara. Mai babur ya ce a tsakiyar tasha ya kama hannun Jibirin ya nemi gafara, ya ce kuskuren nasa ne. Bai ambaci ido ba. Da ya dawo ya ce in an gyara injin ni zan riƙa haɗa masa mai, zai ci gaba da aiki, kuma kada kowa ya ji, don babu mai ba makaho saran bishiya.

Yaya, mai zan iya haɗawa. Amma ba zan bi shi daji in nuna masa inda bishiya za ta faɗi ba. Da ya ce kada kowa ya ji, na sunkuyar da kai, ban ce to ba.

Alkawarin da na sa ki a wasiƙar farko, na ɗauke shi. Ki karanta wa Yaya Mudassir duka ukun, ki ce ya zo da motar da za ta kai Baba asibitin ido a Kano. In Baba ya tambayi wanda ya faɗa, ku ce ni ce.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Naja'atu Ya'u