Rasuwar Malam Mai Biro, Marubucin da Ke Fara Ambaton Wanda Aka Cinye

Cikin alhini mai nauyi da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, mai girma Shugaban Ƙungiyar Wasan Tanis ta Unguwa, da Uwar Ƙungiya, da dattawan kwamitin amintattu, da masu horarwa da ɗaukacin 'yan wasa, suna sanar da jama'a samun labarin rasuwar babanmu kuma abokin tafiyarmu, wakilin wasanni na jaridar gari, wanda manya da yara suka fi sani da Malam Mai Biro, bayan gajeriyar jinya.

Ranar da marigayi ya fara leƙo filinmu na bayan makaranta, tsohuwar ragarmu a igiyar shanya take rataye, layuka kuma da toka muke ja, shi kuwa ko alif bai sani ba a tanis. Rahotonsa na farko ya yabi mai horar da mu da cewa ya zura ƙwallo arba'in a raga, alhali a wasanmu wanda ya zura a raga shi ya yi asara. Mun yi masa dariya har da riƙe ciki, ya taya mu, washegari kuma ya dawo da kujerarsa ta roba ya dasa ta a gefen raga.

Daga kan wannan kujera ya gano ciwon da ke cin ƙungiya: duk yaron da aka cinye ba ya dawowa. Sai ya sauya salo, ya riƙa fara kowane rahoto da sunan wanda aka cinye da bugu mafi kyau da ya yi, kafin ya waiwayi gwani. Da editansa ya yi ƙorafi, amsarsa ita ce: "Ranka ya daɗe, wanda ya ci ai ya tafi da kofi. Wannan kuwa, in babu sunansa a jarida, me zai kai wa uwarsa?" Da haka fili ya cika, har iyayen da ke cewa tanis wasan masu hali ne suka koma rigimar wurin zama.

Muna sane da fargabar iyaye cewa yara za su watse tunda biron ya tsaya, har wasu na ba da shawarar a ɗage gasar Asabar. Muna tabbatar wa kowa cewa gasa tana nan daram. Babbar 'yar marigayi, wadda ta fi kowa fitowa a saman shafin mahaifinta domin ba ta taɓa wuce zagayen farko ba, ita za ta hau kujerar, kuma edita ya amince salon ba zai sauya ba.

Muna roƙon Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta, Ya ba mai ɗakinsa da 'ya'yansa da abokan aikinsa haƙuri da juriyar wannan babban rashi.

Mai lura zai ga cewa kanmu muka fara jerowa a jikin wannan sanarwa kafin mu ambace shi. Ba rashin ladabi ba ne. Ƙa'idarsa muka bi, domin a wannan karon mu aka cinye.

Sa hannu:
Sakataren Yaɗa Labarai,
a madadin Shugaba da Kwamitin Amintattu,
Ƙungiyar Wasan Tanis ta Unguwa