Kunnen Hagu na Erlend

Stromness, Talata

Zuwa ga 'yata Inga,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Jiya na shiga gidan tarihi na ga aikinki, fuskar da kika gina da yumɓu a kan ƙoƙon kan ma'aikacin jirgin ruwan nan da ya mutu a ƙanƙarar tekun arewacin duniya tun zamanin kakannin kakanninmu. Maƙwabta sai yabo suke. Ni kuwa sai na matsa kusa na ƙare wa fuskar kallo.

Wannan ai Erlend ne, ubanki. Kunnuwansa ne, da bakin nan nasa mai murmushin ƙarya. Mutumin da ya hau jirgin Kanada ya bar mu da tukunya a wuta, shi kika kafa a tsakiyar gari kowa na kallo? Har maƙwabciyarmu Misis Flett ta zungure ni ta ce, "Thora, ashe maigida ya dawo ba labari?"

Ki zo ki canja fuskar nan.

Mahaifiyarki,
Thora

Dundee, Asabar

Mama,

Ina gaishe ki da ladabi. Ya ciwon gwiwa?

Ƙashi ne ke faɗa mini faɗin goshi da zurfin ido da tsayin haɓa, kuma na bi shi sau da ƙafa. Amma kunne ba shi da ƙashi, murmushi ma haka, dole mai gini ya samo su a cikin kansa. Ban yi niyya ba. Hannuna ne ya tafi inda ya sani.

Kin ƙone hotunansa kakaf a murhu ina ƙarama, ina tsaye ina kallo. Ko ɗaya ba ki rage mini ba, kuma har yau abin yana cina. Wannan kaɗai nake da shi, ba zan kankare shi don bakin Misis Flett ba.

Ki huta lafiya.
'Yarki,
Inga

Stromness, Laraba

Inga,

Ina amsawa. Gwiwa ta ƙara ciwo, hanyar gidan tarihin nan da nake bi kullum ke cinta.

Kunnen hagu ba daidai yake ba. Ƙugiyar kifi ta tsaga shi tun kafin a haife ki. Ba ki sani ba ne don a kafaɗar dama yake ɗaukarki. Ki zo da kayan aikinki ki tsaga shi.

Bakin kuwa kada ki taɓa. Haka yake ranar da ya ce mini zai dawo kafin hunturu.

Sai kin zo.
Thora